Yadda na samu takardun aiki a jiragen dakon tama na Manyan Tafkunan Amurka

Tun da labari ya bazu cewa na bar aikin sito na koma jirgin ruwa, wayata ba ta huta ba. 'Yan'uwa da ke Ohio da Michigan, har da na New York, tambayarsu ɗaya ce: ta ina ake shiga? Na gaji da maimaita bayani a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance daki-daki. Bayanin ya shafi wanda ke zaune a Amurka, ko ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma yake son aiki a jiragen da ke ɗauke da tutar Amurka. Jiragen Kanada da ke bin waɗannan tafkuna suna da nasu tsarin dabam. Kuɗaɗen da zan ambata na ƙarshen 2022 da farkon 2023 ne, don haka a duba sabon farashi kafin a biya.

Sai na fara da wurin, domin duk wanda bai fahimci wurin ba zai yi ta neman takarda a lokacin da ba za ta amfane shi ba. Tafkuna biyar ne na ruwan daɗi a tsakanin Amurka da Kanada: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Superior kaɗai ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato ya fi Jihar Neja faɗi, ita da ta fi kowace jiha girma a Najeriya. Jiragen da ke kansu suna ɗebo tama daga tashoshin Duluth da Superior da Two Harbors da Marquette su kai wa masana'antun ƙarfe na Gary da Cleveland da kewayen Detroit, su ɗauko dutsen farar ƙasa daga irin su Rogers City, ga kwal, ga gishiri, ga hatsi da siminti. Guda 13 daga cikinsu tsawonsu ya kai ƙafa 1,000, yawancinsu suna ɗaukar fiye da tan 60,000 a lodi ɗaya, kuma wanda ya fi tsawo, Paul R. Tregurtha, ƙafa 1,013 ne da rabi. Waɗannan manyan ba sa ganin teku har abada, don mashigar Welland da ke kewaye Niagara ba ta karɓar jirgin da ya wuce ƙafa 740. Abin da ke juya rayuwar kowa a wannan sana'a shi ne ƙofofin ruwa na Soo, a garin Sault Ste. Marie, inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi ƙafa 21 tsakanin Superior da sauran tafkunan. A ƙa'ida ana rufe su 15 ga Janairu, a buɗe 25 ga Maris. Tsakanin nan jirage suna ɗaure a tasha ana gyara. Kamfanoni kuwa a wannan tsakanin suke lissafin waɗanda za su hau jirgi, kuma wanda takardunsa ba su hannu a lokacin ba ya cikin lissafi.

Wani dattijo ɗan asalin Yaman ne ya buɗe mini ido, a masallacin da nake Juma'a a Toledo. Mutanen Yaman da ke Dearborn da kewaye sun daɗe a cikin wannan aiki, uba ya yi, ɗa ya gada. Na tambaye shi game da jiragen da nake gani a ɗaure a kogin Maumee lokacin sanyi, na ce, “Baba, irin mu ma ana ɗauka?” Ya ce, “Ɗana, kana da girin kad? To ana ɗauka. Amma idan kana son jirgin Maris, a Oktoba ake fara neman takarda.” Shi ya fara gaya mini dokar da daga baya na karanta da idona: kyaftin da mataimakansa da injiniyoyi dole su zama 'yan ƙasa, amma a cikin ƙananan ma'aikata an yarda kashi 25 cikin 100 su zama masu girin kad. Wannan kason yana da tasiri. Kana iya cika kowane sharaɗi, a ce maka a wannan jirgin gurbin masu girin kad ya cika, sai ka jira wani.

Matakin farko katin TWIC ne, wanda hukumar TSA ke bayarwa, wadda ke binciken fasinjoji a filayen jirgin sama. Da shi ake shiga harabar tashoshin jiragen ruwa, kuma ba a duba takardar neman izinin aikin jirgi sai ka nemi shi. Na cika bayanan farko ta intanet, na zaɓi cibiyar rajista mafi kusa, aka ba ni rana. Cibiyar wani ƙaramin ofis ne a jerin shaguna, kujeru kaɗan, yawancin masu jira direbobin tirela ne. Na je da girin kad da fasfo da lasisin tuƙi. Matar da ke kan kwamfuta ta ɗauki hoton yatsuna goma da hoton fuska, ta yi tambayoyi kan ko an taɓa kama ni da laifi, na biya dala 125.25, katin na shekara biyar ne. Duka bai kai rabin sa'a ba. A nan akwai wurin da mutane ke tuntuɓe: idan aka tambaye ka sana'a, ka ce Merchant Mariner, ko da ba ka taɓa taka jirgi ba. Wannan amsar ce ke sa a tura hoton yatsunka da na fuskarka ga rundunar tsaron gaɓar ruwa, Kos Gad, waɗanda za su ba ka izinin aiki. Wanda ya ce direba ne ko ma'aikacin sito, sai ya sake bin layi a gyara. Abu na biyu sunanka. Mu da ake rubuta mana Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko a juya sunan uba ya zo gaba, sai mu tabbata abin da aka buga a katin ya dace harafi da harafi da na girin kad. Na tsaya na karanta allon kafin in sa hannu, matar ma ta ce gara haka. Katin ya iso ta gidan waya bayan makonni kaɗan.

Ban jira katin ba na wuce gwajin lafiya, don rasit ɗin rajista ya isa a ci gaba. Fom biyu ne. Akwai gajere, CG-719K/E, na masu shiga sabbi, akwai dogo, CG-719K, wanda ya haɗa da gwajin ido da bambance launi da ji da hawan jini da jerin duk maganin da kake sha. Dattijon nan ya ce in yi dogon, kuma na ga hikimarsa: kamfanoni sun fi son sa, kuma ranar da za ka nemi ƙarin matsayi shi za a nema. Gara ka san tun yau idan idonka ba ya raba ja da kore, domin fitilun jirage da na alamun hanya ja da kore ne, kuma mai wannan matsala ya fi dacewa ya nufi kicin. Na buga fom ɗin a takarda na kai wani asibitin da ke duba ma'aikata. Inshora ba ta biya, na ciro daga aljihu, ya ɗan haura dala 100. A ranar kuma na ba da fitsari don gwajin ƙwaya, wanda sakamakonsa ke shiga fom CG-719P, shi ma da nasa kuɗin, ƙasa da na likita. Dole ka ce musu gwajin DOT kake so, na ma'aikatar sufuri ta tarayya, domin na gama-gari ba ya karɓuwa, kuma kada ya wuce kwana 185 kafin ranar da za ka miƙa takardu. Ina jan kunnen matasa a nan. Wiwi halal ce a dokar jihar Michigan, amma jirgi a ƙarƙashin dokar tarayya yake, a can kuwa haramun ce. Haka maganin tari mai kodin da wasu ke sa a kawo musu daga gida. Idan ya fito a fitsari ba tare da takardar likitan nan ba, ka rufe wa kanka ƙofa tun ba ka ƙwanƙwasa ba.

Sai babban fom, CG-719B, na neman izinin aikin jirgi da ake kira MMC. A wurin da ake tambayar matsayin da kake nema, ka nemi ukun nan gaba ɗaya: Ordinary Seaman na aikin saman jirgi, Wiper na ɗakin inji, da Steward's Department na kicin, tare da izinin taɓa abinci. Kuɗin ɗaya ne, babu jarrabawa, kuma duk gurbin da ya buɗe za ka iya shiga. Wanda aka taɓa yanke wa hukunci a kotu, ko da na tuƙi cikin maye ne, akwai ƙarin fom CG-719C, kuma gara ya faɗa da bakinsa, don binciken zai tono shi. A lokacina sai ka yi rantsuwa a gaban notari, wato jami'in da aka ba izinin shaida rantsuwa da sa hannu. Na yi tawa a bankina, kyauta, na ɗaga hannu na karanta, ma'aikacin ya buga hatimi. Na biya dala 140 ta shafin Pay.gov, 95 na duba takardu da 45 na buga izinin, na adana rasit. Na yi sikanin komai ya zama PDF, na tura ta imel zuwa ofishin jarrabawa na Kos Gad da ke Toledo, wanda a lokacin shi ke duba ko takardu sun cika kafin ya wuce da su babbar cibiya ta Martinsburg a jihar West Virginia. Takardar lafiya hanyarta dabam ce, sashen likitoci take zuwa, kuma takardar shaidar da za ta fito daga can ita ma dabam take zuwa. Mutane da yawa suna ganin ɗaya ta iso su ɗauka an gama.

Daga nan sai jira, kuma shi ya fi ci mini rai. Saƙon imel yana zuwa a kowane mataki: an karɓa, ana binciken tsaro, ana dubawa. Ana cikin haka sai ga wasiƙa cewa ana jiran ƙarin bayani. Gabana ya faɗi, na ɗauka wata cuta aka gano. Ashe a asibitin da aka duba ni an bar wani akwati na gwajin ji babu komai, kuma likitan bai sa baƙaƙen sunansa a wani shafi ba. Na koma, aka ce likitan ba ya nan sai wani mako. Na sake komawa, ya cika cikin minti biyu, na sake turawa. Wannan ƙaramin gurbi ya ci mini kusan wata guda. Kafin ka bar ɗakin likita, ka buɗe fom ɗin shafi-shafi a gabansa, ka nuna masa duk inda ka ga fari. Ba rashin kunya ba ne, yawancinsu ba su saba da fom ɗin ba. Izinin ya iso a tsakiyar sanyi, ɗan littafi ja mai kama da fasfo, na shekara biyar. Tun Maris 2024 an daina ba da littafin, yanzu takarda ce shafi ɗaya, don haka kada wanda ya samu sabon ya ɗauka an yi masa ƙwange. Da na haɗa lissafi, duk abin da na kashe bai kai dala 500 ba. Akwai makarantun da za su tallata maka kwas ɗin STCW, horon ma'aikatan jirgi na ƙasa da ƙasa, na ɗaruruwan daloli. Wannan na masu fita teku ne. Jirgin da ba ya barin Manyan Tafkuna doka ba ta ɗora masa shi ba, ka riƙe kuɗinka har sai kamfani ya nema.

Neman aikin kansa ba shi da ƙofa ɗaya. Wasu jiragen ƙananan ma'aikatansu 'yan SIU ne, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan jiragen ruwa, wadda ke da ofis a Algonac a bakin kogin St. Clair. Wasu suna ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, wasu kuma kamfani ke ɗauka kai tsaye. Ƙungiyar masu jiragen, Lake Carriers' Association, wadda aka kafa tun 1880, tana da jerin kamfanonin da ke cikinta, irin su Interlake da American Steamship da Great Lakes Fleet, kuma daga wannan jerin na bi su ɗaya bayan ɗaya na cika fom. Kowa yana neman hoton MMC da TWIC da shaidar lafiya da fasfo mai rai, domin jirgi yana shiga tashoshin Kanada. Idan fasfonka na gida ya kusa mutuwa, fara da shi kafin komai, ka san yadda sabunta shi ke ɗaukar lokaci. Maris ya zo, aka buɗe ƙofofin Soo, ina kallon jiragen Maumee suna kwance igiya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa shiru. Na koma wurin dattijon da fuska a murtuke. Dariya ya yi ya ce, “Fitar farko ta tsofaffin hannu ce. Bari su yi wata biyu su fara neman hutu, sannan za a tuna da kai. Kada dai ka kashe waya.” Haka kuwa aka yi. Sabon shiga da aikin riƙon ƙwarya yake farawa, ya maye gurbin wanda ya tafi hutu ko ya yi rashin lafiya. Ban ajiye aikin sito ba sai da kira ya zo, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka.

Kiran ya zo wajen ƙarshen Mayu, da rana, ina bakin aiki. Matar ofishin ta ce akwai gurbi a saman jirgi na kimanin wata guda, zan iya kasancewa a Cleveland jibi? A wannan sana'a ba a cewa bari in yi shawara, don akwai suna na gaba a takardarta. Na ce zan iya. Washegari aka tura ni wani gwajin fitsarin, wannan kamfani ya biya. Na haɗa jaka: takalmi mai bakin ƙarfe, safar hannu da yawa, rigar ruwan sama, kayan sanyi duk da ana shiga zafi, magani, sallaya, da takarduna na asali a cikin leda. Lokacin isowar jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. An ce safe, aka koma la'asar, aka koma tsakar dare, domin wani jirgin ya riga shi tasha. Na kwana a kujerar mota a kusa da ƙofar shiga. Mai gadi ya duba TWIC, ya nemo sunana a jerinsa, ya nuna mini hanya tsakanin tsibin duwatsu. Babu wata gada mai kyau, tsani ne dogo a jingine da jikin jirgi, aka zuro igiya aka ja jakata, ni kuma na hau. Mataimakin kyaftin na ɗaya ya karɓi takarduna, na sa hannu a yarjejeniyar aiki, aka nuna mini ɗaki da wurin da zan tsaya idan ƙararrawar gobara ta kaɗa, aka sa na gwada jar rigar roba da ke rufe mutum daga kai har ƙafa, wadda ake sawa idan za a bar jirgi a ruwan sanyi. Kafin in gama ajiye kaya an ƙwanƙwasa ƙofa, wai a fito za a kwance.

Jirgina ba ya cikin manyan nan. Tsawonsa ƙafa ɗari shida da wani abu ne, irin waɗanda ake yi don su iya bin lanƙwasar kogin Cuyahoga har cikin Cleveland. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga sabon shiga, kuma ba wanda ya gaya mini shi tun da wuri. Babban jirgi yana ɗaukar tama a Duluth ya yi kwanaki yana tafiya kafin ya sauke, ma'aikata su samu barci. Ƙaramin kusan kullum yana tasha, wani lokaci sau biyu a yini, kuma duk shiga da fita sai an tashe ka ko ƙarfe nawa ne. Kuɗin ƙarin lokaci a nan yake, gajiya ma a nan take. Idan an kusa tasha, sai a zaunar da kai a kan wani ɗan katako da ke rataye da igiya, a juya ka waje da jikin jirgi, a sauke ka ƙasa jirgin yana tafiya a hankali. Da ƙafarka ta taɓa ƙasa sai ka ruga ka kama siririyar igiyar da aka jefo, ka jawo wayar ƙarfe mai nauyi ka rataya ta a turke. Karon farko gwiwoyina rawa suke yi, bosin, wato shugaban masu aikin sama, yana ta daka mini tsawa in sake katakon. Ya koya mini abu biyu da ban manta ba: kada ka sa yatsa a cikin idon waya, kama ta wurin igiyar da aka ɗaura mata, kuma kada ka tsaya a inda za ta yi bulala idan ta tsinke. Sauran aikin kwance maƙallan murafen rumbuna ne, ɗaruruwa, a ɗaga murafen da inji, a mayar bayan lodi, a ɗaure. Jiragen da kansu suke sauke kaya: ƙasan kowane rumbu akwai ƙofofi, kaya su zuba kan bel da ke bin ramin da ya ratsa ƙarƙashin jirgi, bel ya hau da su ya fitar ta wani dogon hannu da ake juyawa zuwa gaɓa. Idan za a canza kaya, daga kwal zuwa dutse misali, mu ne za mu wanke rumbunan da tiyo. Tamar kuwa an mulmula ta ƙwallaye ƙanana, idan suka zube a saman jirgi ka taka ba ka sani ba, sai ka tsinci kanka a ƙasa, don haka shebur da tsintsiya ba sa barin hannu. Idan babu tasha, sai kankare tsatsa da fenti. Ruwan daɗi ba ya cin ƙarfe kamar na teku, shi ya sa za ka ga jirgin da aka ƙera a 1952 yana aiki har yau, amma fentin ba ya ƙarewa.

Ranar da muka fara hawa Superior na ga ƙofofin Soo da idona. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ke kula da su, kuma ba a biyan kuɗin wucewa. Jirgi ya shiga wani dogon ɗaki na kankare, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa ta ƙasa, ba famfo ba inji, nauyin ruwan ne kawai ke ɗaga jirgin da kayansa. Ƙofar Poe, wato ɗaya daga cikin ɗakunan nan, mai tsawon ƙafa 1,200 da faɗin 110, ita kaɗai ce manyan jiragen ke iya bi, shi ya sa ake gina wata mai girmanta a gefe. Mu masu aikin sama a ƙasa muke wucewa, muna tafiya a kan katanga riƙe da igiya, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar mu hoto daga rumfarsu. A kogin Detroit kuma akwai ɗan ƙaramin jirgin J.W. Westcott da ke kawo wasiƙu da saƙo, yana matsowa jikin jirgi ana tafiya, a zura bokiti a ɗauko. Yana da lambar gidan waya tasa, 48222. Ta nan matata ta aiko mini da yaji da kilishin da aka yi a nan. Wayarka kuwa ka kula da ita a kogunan Detroit da St. Clair da St. Marys, domin takan kama layin Kanada ba ka sani ba, sai ƙarshen wata ka ga lissafi.

Maganar abinci da ibada ita ce tambaya ta biyu da ake yawan yi mini. Ci da kwana kyauta ne, kuma abincin yana da yawa. Naman alade yana fitowa kusan kowace safiya, amma kukun jiragen nan sun saba da Musulmi saboda mutanen Yaman. Ranar farko na je na gaishe da kuku na gaya masa abin da ba na ci, daga nan shi ke nuna mini tukunyar da zan kauce wa. Wanda ba ya cin nama sai yankan Musulmi zai dogara da kifi da ƙwai da wake, ko ya sayo nasa idan an tsaya Detroit ko Toledo ya roƙi wuri a firiza. Salla a ɗaki nake yi, in duba alƙibla a waya lokacin da zan tayar. Matsalar ita ce lokacin ɗaure jirgi ko lodi ba mai sakinka, don haka na tambayi malami hukuncin haɗa salloli ga matafiyi tun kafin in hau, kowa ma ya tambayi nasa. Juma'a sai wadda Allah ya sa ta same ka a tasha. Azumin 2024 ya faɗo a kan fitar farko ta Maris, muna fasa ƙanƙara a saman jirgi da guduma. Ƙishirwa ba ta dame ni ba, sanyi da rashin barci ne suka dame ni, kuma kicin a buɗe yake da dare, akwai abin sahur a firji.

Aikin wata guda ya zama biyu, aka sauke ni, aka sake kira, har na kai Nuwamba. A nan ne tafkin ke nuna halinsa. Igiyar ruwansa gajera ce, tana zuwa a jere da sauri, jirgin yana lanƙwasa kana gani idan ka tsaya a baya ka dubi gaba. Kowa a jirgi ya san labarin Edmund Fitzgerald, mai ƙafa 729, da ya taso daga tashar Superior da tama fiye da tan 26,000 ya nutse ranar 10 ga Nuwamba 1975, kimanin mil 17 daga Whitefish Point da ke gaɓar tafkin Superior, da mutum 29, ba wanda ya tsira. Jirgin da ke bin sa a baya a daren, Arthur M. Anderson, shi ma a 1952 aka ƙera shi, kuma mun sha giftawa da shi. Yanzu kyaftin ba sa wasa da hasashen yanayi. Idan iska ta taso sai a fake a Whitefish Bay a saki anga, ko a bi gefen tudu, ko da za a yi asarar yini. Abin da ya fi raunata mutane a zahiri shi ne santsin ƙanƙara a saman jirgi da tsani da wayar ɗauri, don haka kuɗin da za ka kashe a takalmi mai kyau da safar hannu mai ɗumi ba asara ba ne.

A Janairu muka ɗaure jirgin, aka tsiyaye ruwan bututu, aka rufe komai, aka sallame mu. Duk saukar da za ka yi, kada ka taka tsani sai an ba ka takardar sallama mai nuna ranar hawa da ranar sauka da matsayin da ka riƙe. Ka adana ta kamar takardar fili, ka kuma ɗauki hotonta. Da waɗannan kwanaki ake hawa mataki. Mai aikin ɗakin inji yana iya zama jarrabawar QMED, matsayin ƙwararren ma'aikacin inji, bayan kwana 180, mai aikin sama kuma ya tara nasa ya nemi Able Seaman, matsayin ƙwararren ma'aikacin sama, wanda ke buƙatar jarrabawa da shaidar iya sarrafa kwalekwalen ceto. Albashi yana tashi sosai a wannan mataki, kuma kiran Maris yana fara zuwa da sunanka. Wanda ya zama ɗan ƙasa yana iya ci gaba har ya zama mataimakin kyaftin, ko ta tara kwanaki ko ta makarantar Great Lakes Maritime Academy da ke Traverse City, sai dai a tafkunan nan har zanen taswirar koguna da ka ake sa mutum ya yi a jarrabawa.

Idan zan tsara wa ƙanina tafiyar, zan ce ya sabunta fasfo a Satumba, ya yi TWIC da likita da gwajin fitsari a mako ɗaya cikin Oktoba, ya tura MMC kafin Nuwamba ya fita, ya cika fom ɗin kamfanoni a Janairu, ya riƙe aikinsa na yanzu har waya ta yi ƙara. Ya zauna da iyalinsa su yi magana ta gaskiya, domin wata biyu ba ka gida, suna ko rasuwa duk a waya za ka ji, kuma a tsakiyar Superior wayar ma takan ɗauke sai a jirgin da ke da intanet. Ya kuma san cewa albashin wata goma ne zai ci shekara da shi. Watannin da ƙofofin Soo ke rufe su ne damar zuwa gida, da yawa daga cikinmu a lokacin muke tafiya, amma mai girin kad ya lissafa kwanakinsa a waje kada su kai wata shida, ya kuma sayi tikitin dawowa na farkon Maris, don masu aikin inji ana kiransu makonni kafin jirgi ya tashi, na sama kuma kwanaki kaɗan bayansu.